Abin da Suka Gani da Abin da Aka Faɗa Musu: Tsofaffin Littattafan Matafiyan Faransa a Kan Gabas

  Yau hirarmu a kan waɗansu tsofaffin littattafai ce. Littattafai ne da matafiyan Faransa suka rubuta tun daga ƙarni na 16 zuwa farkon ƙarni na 19, bayan sun komo daga ƙasashen Gabas. In sun ce Gabas, suna nufin Girka da Turkiyya da Sham da Masar, da Farisa da Indiya, har can tsibiran da kanumfari ke fitowa. A cikinsu akwai labarin sarakuna da kasuwanni. Akwai kuma abin da suke kira tarihin halitta, wato bayanin tsirrai da dabbobi da tsuntsaye da kifaye da duwatsu. A yau masu hannu da shuni ne ke sayen bugun farko na waɗannan littattafai a wajen gwanjo, su kulle a kabad. Tsadarsu ba ta dame mu ba. Tambayarmu ita ce: me za a gaskata a cikinsu, me kuma za a ajiye gefe?

Ga matsayina tun daga farko, don ku riƙe shi har ƙarshen shirin. Kowane ɗayan littattafan nan magana iri uku ce a cikinsa. Ku ɗauki misali da alhajin da ya dawo daga aikin hajji. An shimfiɗa tabarma a zaure, jama'a na ta shigowa yi masa barka da sauka. Zai faɗi abin da ya gani da idonsa, kamar nawa ya sayi dabino a Madina. Zai faɗi abin da wani ya gaya masa a masauki. Zai kuma yanke wa mutanen ƙasar hukunci gaba ɗayansu, alhali wata guda ya yi a cikinsu, ba ya ma jin harshensu. Duka ukun daga baki ɗaya suke fitowa, da murya ɗaya. Mai sauraro ne zai rarrabe. To, haka littattafan nan suke. Akwai gani, akwai ji, akwai hukunci. A wurin gani suna da ƙarfi ƙwarai. A wurin ji suna tangaɗi. A wurin hukunci kuwa, sau da yawa labarin Faransa suke ba mu, ba labarin Gabas ba.

Bari mu fara da kashin farko na shirin, na masu binciken tsirrai, mu koma shekarar 1546. A shekarar ne wani mai haɗa magunguna, Pierre Belon, ya bar Faransa. A lokacin akwai ƙawance tsakanin Sarkin Faransa da Sarkin Daular Usmaniyya, Sulaiman, shi ya sa hanya ta buɗe masa. Ya yi shekara uku yana zagaya Girka da Turkiyya da Masar da Dutsen Sina'i da Falasɗinu. A 1553 ya buga littafinsa. Abin da ya kai shi shi ne ya ga tsirran magani da tsofaffin likitocin Girka suka rubuta, ya gan su a inda suke tsirowa. A Alƙahira ya ga raƙumin dawa da ransa, ya siffanta shi. A tsibirin Kirit ya ga yadda ake tara wani ƙaro mai ƙamshi. Ana ɗaura tsirkiyoyin fata a jikin wani abu mai kama da manjagara, a ja shi a kan ganyen itacen da tsakar rana. Ƙaron ya manne a fatar, sai a kankare da wuƙa. Har zamanin nan akwai ƙauyen da ake wannan sana'a a tsibirin, kusan yadda ya bayyana ta. Belon ɗin nan ne kuma, a 1555, ya zana ƙwarangwal ɗin mutum da na tsuntsu kafaɗa da kafaɗa, ya nuna ƙashi da ƙashi yadda suka yi daidai. Amma fa ku saurara. A littafin tafiyar tasa akwai hoton maciji mai fukafukai da ƙafafu, wai yana tashi daga ƙasar Larabawa zuwa Masar. Babu irin wannan maciji a duniya. Busasshiyar gawa aka nuna masa. Tashin kuwa, faɗa masa aka yi. Mutum ɗaya, littafi ɗaya, amma shafin gani daban, shafin ji daban.

Mu tsallaka shekara ɗari da hamsin, mu zo ga mutumin da nake ganin ya fi kowa cancantar a tsaya a kansa. Sunansa Joseph Pitton de Tournefort, malamin ilimin tsirrai a Lambun Sarki da ke Paris. A 1700 Sarki Luwi na 14 ya aike shi Gabas. Bai tafi shi kaɗai ba. Ya tafi da wani likita Bajamushe, Andreas Gundelsheimer, da wani mai zane, Claude Aubriet. Ku lura da wannan tsari, masu sauraro, don shi ne ƙashin bayan aikin. Ɗaya na tsinko tsiro, ɗaya na rubuta siffarsa, ɗaya na zana shi tun bai yi yaushi ba. Sannan a matse tsiron a tsakanin takardu ya bushe, a rubuta inda aka same shi. Sun bi tsibiran Girka, suka shiga Santambul, suka bi gaɓar Baƙin Teku zuwa Tarabzon. Daga nan suka bi ayari zuwa Erzurum da Tibilisi, har gindin Dutsen Ararat. Suka koma gida a 1702 da tsirrai 1,356 waɗanda masanan Turai ba su da su a rubuce. Tournefort bai ga littafin tafiyarsa a buge ba. Keken doki ya buge shi a wani titin Paris, ya rasu a 1708, littafin ya fito a 1717. Busassun tsirransa kuwa suna nan har yau a gidan adana tarihin halitta na Paris. Wannan shi ne bambancin bayanin tsiro da bayanin ɗabi'ar mutane. In Tournefort ya ce ganyen kaza yana da gashi a bayansa, ana iya buɗe takardar a duba. Shaidarsa tana nan a ajiye.

Ga wani misali daga wannan tafiya da zai nuna muku yadda ji ke zama ilimi in an bi shi da bincike. A gaɓar Baƙin Teku ya ga wani itace mai kyawawan furanni. Mutanen wurin suka ce masa zumar da ƙudan zuma ke yi da furen tana sa jiri da amai. Tournefort ya tuna cewa wani marubucin Girka, Zenofon, ya ba da labarin sojojin da suka sha zuma a daidai wannan yanki, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, suka zube kamar bugaggu. Ya haɗa maganar mutanen ƙasar da tsohon littafin, ya ɗauki tsiron, ya sa aka zana shi. Daga baya masu binciken sinadarai suka gano gubar da ke cikin furen. Har yau a asibitocin yankin ana karɓar waɗanda wannan zuma ta kayar. To amma shi wannan gwanin ne ya shiga wani kogo a tsibirin Antifaros, ya ga duwatsu na reto daga rufi, wasu na tasowa daga ƙasa, ya ce duwatsu tsirowa suke yi kamar shuka. Siffar kogon da ya bayar daidai ce. Dalilin ne ya kuskure, don ruwa ne ke ɗiga yana barin farar ƙasa kaɗan-kaɗan. Idonsa bai ruɗe shi ba. Ra'ayin da ya taho da shi daga gida ne ya ruɗe shi.

Yanzu sai kashi na biyu, na 'yan kasuwa. Jean-Baptiste Tavernier dillalin duwatsu masu daraja ne. Sau shida yana zuwa Gabas, daga wajajen 1630 zuwa 1668, ya kuma buga labarin tafiye-tafiyen a 1676. Shi ne ya sayar wa Luwi na 14 wani shuɗin lu'ulu'u mai nauyin karat ɗari da 'yan kai. Wannan dutse ne, bayan an sassaƙe shi, yake ajiye yau a wani gidan tarihi a Washinton da sunan Hope. In Tavernier na magana a kan sana'arsa, ku kasa kunne. Ya je mahaƙar lu'ulu'u ta ƙasar Golkonda a kudancin Indiya. Ya ga yadda ake jiƙa ƙasa a wanke, a shanya, a sheƙe, a tsince. Ya rubuta ma'aunan kowace kasuwa da canjin kuɗinta da kuɗin fito. Ya bayyana yadda mai saye da mai sayarwa ke zama su rufe hannayensu da ƙyalle, su yi ciniki da matsa yatsu, ba wanda ke kusa da zai san nawa aka sallama. A nan ba shi da dalilin yin ƙarya, kuskure ɗaya na iya cinye masa jari. Amma da ya zo kan Taj Mahal, kabarin da Sarki Shah Jahan ya gina wa matarsa a Agra, sai ya ƙara da cewa sarkin ya fara gina nasa kabarin a ƙetaren kogi, yaƙin 'ya'yansa ya hana shi gamawa. Daga wannan magana aka ƙaga labarin wai akwai niyyar gina baƙin Taj Mahal. Masu jagorar 'yan yawon buɗe ido na ta maimaita shi. Da masu haƙar kayan tarihi suka tona wurin a shekarun 1990, lambu da tafki suka tarar.

Jean Chardin shi ma mai sayar da kayan ado ne, amma ya yi abin da Tavernier bai yi ba. Ya zauna. Ya yi shekaru a Isfahan, babban birnin Farisa a lokacin, ya koyi Farisanci, yana karanta littattafansu. Ya bayyana birnin unguwa-unguwa. Cikakken littafinsa ya fito a Amsterdam a 1711, kuma masana tarihin Iran ba su daina buɗe shi ba. Wanda ya san harshe ya rage dogaro da tafinta, abin da zai shiga kunnensa ya ragu da gurɓata.

Mun zo kan hukunci, kuma a nan ne haɗarin yake. François Bernier likita ne. Ya yi shekaru a fadar Sarki Aurangzeb na daular Mugal ta Indiya, yana ƙarƙashin wani babban bafade mai son ilimi, Danishmand Khan. Yakan fassara wa maigidansa littattafan falsafar Turai zuwa Farisanci, ya yi masa bayanin yadda jini ke zagaya jiki. Ya ga yaƙin gadon sarauta tsakanin 'ya'yan Shah Jahan, ya je Kashmir, ya rubuta su da kyau. Sai dai a wata doguwar wasiƙa da ya rubuta wa Colbert, ministan kuɗin Faransa, ya yanke hukunci cewa a Gabas sarki ne ke da ƙasa duka, talaka ba shi da gona tasa, kuma wannan ne ya lalata ƙasashen. Masana tarihin Indiya na baya sun duba takardun haraji da na kotu, sun ga akwai gadon gona, akwai saye da sayar da haƙƙin ƙasa. Bernier daga fada yake kallo, abin da ya gani kuwa rabon larduna ne ga hakimai. Kuma ku tuna wa yake rubuta wa. Gargaɗi yake yi wa masu mulkin ƙasarsa kada su bi wannan hanya, sai ya yi amfani da Indiya ya tsorata su. Maganar ta yi tafiya mai nisa. Masanin Faransa Montesquieu ya gina ra'ayinsa na mulkin kama-karyar Gabas a kan irin waɗannan littattafai. A 1853 Karl Marx ya rubuta wa abokinsa Engels yana yabon Bernier a kan wannan batu. Bernier ɗin ne kuma, a 1684, ya buga wata maƙala da ta kasa 'yan Adam kashi-kashi bisa launi da siffar fuska, tana cikin na farko-farkon irinta a Turai. Ƙaryar maciji mai fukafukai ba ta cuci kowa ba. Wannan hukunci kuwa ya daɗe yana yi wa al'ummai illa.

Akwai wanda ma ganin nasa abin tuhuma ne. Pierre Sonnerat ya buga littafi a 1776 ya sa masa suna tafiya zuwa Niyu Gini, alhali ƙafarsa ba ta taka tsibirin ba, ƙananan tsibiran kusa da shi ya kai. Ya cusa hotunan tsuntsayen da ya samo daga fatu da zane-zanen wasu. Har da fengwin, tsuntsun nan na yankin sanyi da ba ya tashi. Har da kukabura, wani tsuntsun Ostareliya mai kuka kamar dariyar mutum. Masana suka gaskata shi, suka raɗa wa tsuntsayen sunayen kimiyya masu nuna daga can suke. Da yake ƙa'idarsu ita ce sunan farko shi ke zama, sunayen na nan har yau. Duk da haka, a littafinsa na 1782 ya bayyana wata dabbar dare ta Madagaska mai dogon siririn yatsa, ana kiranta ai-ai, kuma dabbar gaskiya ce. Ko maƙaryaci ba a zubar da shi dungurungum, tantance shi ake yi.

To, masu sauraro, mu shiga kashi na uku, mu ji masu suka. Wani zai ce, malam, ai waɗannan 'yan leƙen asiri ne, su suka share wa mulkin mallaka hanya, me ya kai mu karanta su? Wannan suka tana da ƙafa, ba zan raina ta ba. Colbert ya kafa kamfanin cinikin Gabas na Faransa a 1664, kuma irin wannan bayani yake nema. Pierre Poivre, ɗan'uwan Sonnerat, shi ya sa aka sato dashen kanumfari daga tsibiran Maluku, inda Holandawa suka kankane cinikinsa, aka kai Morishus a 1770. Daga tsibiran wannan yanki kanumfari ya ƙetara Zanzibar a farkon ƙarni na 19, inda bayi suka noma shi. Ilimin tsirrai a lokacin harka ce ta kuɗi da ƙarfi. Wani matafiyi, Volney, ya buga littafinsa a kan Sham da Masar a 1787, yana nuna raunin mulkin Mamluk, masu riƙe da Masar a lokacin. Shekara goma sha ɗaya bayan haka Napoleon ya sauka Masar da sojoji, hafsoshinsa sun karanta littafin. Ya kuma taho da masana fiye da 150. A cikinsu akwai masanin tsirrai Delile, wanda a 1813 ya daidaita sunayen kimiyya na itatuwan da ke bakin gonakinmu, irin su aduwa da gawo. Daga baya aka sake wa gawo suna, aka liƙa masa na Faidherbe, gwamnan mulkin mallakar Faransa a Senegal. Manomin da ya san gawo na kaɗe ganye da damina ya yi wa gero taki ba ya cikin wannan suna.

Na yarda da duk wannan. Amma amsata biyu ce. Ta farko, kada mu haɗa shekara ɗari biyu da hamsin a buhu ɗaya. Lokacin da Tavernier da Chardin ke yawo, Faransa ba ta isa ta taɓa Farisa ko daular Mugal ba. Baƙi ne masu neman izini, suna jira a ƙofar fada da kyauta a hannu. Dukiyar da suka gani ta firgita su, kuma rubutunsu shaida ce cewa Gabas ba a baya take ba a lokacin. Wanda ya ƙi karanta su ya yar da wannan shaida. Ta biyu, ilimin da ke ciki ba nasu ba ne su kaɗai. Wa ya gaya wa Tournefort labarin zumar? Wa ya nuna wa Belon yadda ake kankare ƙaro? Wa ya koya wa Tavernier gane aibin dutse? Makiyaya ne da masu magani da madugai da dillalai da tafintoci. Ba kasafai aka rubuta sunayensu ba, amma saninsu na cikin shafukan. Wani lokaci ma shafin nan kaɗai ne ya rage daga gare su.

Wani kuma zai ce, ai kimiyya ta wuce nan, me tsohon zane zai ƙara mana a zamanin da ake ɗaukar hoton tsiro da waya? A kan yadda halitta ke aiki, gaskiya ne, ɗalibin sakandare na yau ya fi Belon sani. Amma akwai tambayar da sabon littafi ba ya amsawa. Wane itace ne ke gefen Ararat a 1701? Wace dabba ce ke dajin Madagaska kafin a sare shi? Nawa ake sayar da alharini a Isfahan? Mai son ya san abin da ya ɓace, dole ya san abin da yake akwai a da. Tsiron da aka busar, aka rubuta wuri da shekara a jikinsa, tsufansa shi ne amfaninsa. Kuma ba sai mutum ya je gwanjo ba. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya ɗora hotunan shafukan da yawa daga cikinsu a intanet, a rumbunsa mai suna Gallica, kyauta. Ɗalibanmu na Damagaram da Maraɗi da Yamai da suka yi karatu da Faransanci, hanya a buɗe take gare su, ko da yake rubutun ƙarni na 16 sai an ɗan saba da shi.

Kashi na ƙarshe gajere ne, kuma a Alƙahira yake. Mutanen Gabas ma sun kalli masu kallonsu. Malam Abdurrahman al-Jabarti, masanin tarihin Masar, yana raye lokacin mamayar Napoleon. Ya rubuta yadda sojojin Faransa suka shiga masallacin Azhar da dawakai a 1798, bai sassauta musu ba ko kaɗan. Shi ne kuma ya je gidan da masanansu suka zauna, ya ga ɗakin karatunsu, ya ga har ƙananan sojoji na zuwa karatu. Ya ga zanen dabbobi da kifaye, da waɗanda aka jiƙa a kwalabe cikin wani ruwa mai hana ruɓewa. Ya rubuta wannan ma, ya yaba abin yabo. Bayansa, a 1826, aka tura wani matashin malamin Azhar, Rifa'a al-Tahtawi, ya zama limamin ɗaliban Masar a Paris. Ya yi shekara biyar, ya koyi Faransanci, yana can aka yi juyin juya halin 1830. Ya rubuta yadda mutanen Paris ke cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu, da gidajen wasanninsu, da asibitocinsu, ya fassara tsarin mulkinsu zuwa Larabci. An buga littafin a maɗaba'ar Bulaƙ a 1834, Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar, kuma ya sa aka fassara shi zuwa Turkanci don ma'aikatan gwamnatinsa su karanta.